Manomin da Ya Cire Kariyar Kekensa

A wani gari, ba sai na faɗi sunansa ba, akwai wani mutum manomi. Yana da gona madaidaiciya, da 'yan awaki, da keke guda ɗaya. Ku gyara zama, 'ya'yana, ku bar soshe-soshen nan, gama a kan keken nan maganar take.

Baƙin keke ne mai nauyi. Na hannu ya saye shi, a wurin wani mai tallan kananzir da ya riga ya gama cin ƙuruciyar keken. Fenti ya koɗe, sirdi ya yage an ɗaure shi da roba, ƙararrawa kuwa sai ta ga dama take ƙara. Amma yana da kariya. Wanda bai sani ba ya sani yau: kariya ita ce mazaunin ƙarfen nan da ke bayan sirdi, inda ake ɗaure kaya ko a goya mutum. Tasa ba irin ta kanti ba ce. Maƙerin garin ne ya ƙera masa ita da ƙarfe mai kauri, mai faɗi kamar faifai, ya ɗaure ta da notuna huɗu. Buhun masara ya hau ta. Jarkar ruwa ta hau ta. Akuya mai zawo ta hau ta zuwa wurin malamin dabbobi. Ba ta taɓa lanƙwashewa ba.

Amma babban aikin kariyar nan na ranar Lahadi ne.

Mutumin yana da uwa, tsohuwa, sunanta Rifkatu. Shi ne ɗanta na ƙarshe, don haka Auta take ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Tun ranar da aka yi wa matar nan baftisma a rafi, Lahadi ba ta taɓa samunta a gida ba, sai dai in tana jego. Gidansu kuwa yana can gefen gonaki, nesa da majami'a. Da tsufa ya zo, gwiwoyi suka ƙi. Tana iya jan jiki daga ɗaki zuwa ƙofar gida, iyakarta ke nan. Sai kariyar keken ɗanta ta zama ƙafafunta.

Kowace Lahadi da safe yakan ninke wani tsohon bargo, ya ɗaure a kan kariya, ya ɗago uwarsa cak ya zaunar da ita a karkace. Takan kama bayan rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da baikonta, ɗan kuɗin da za ta bayar a majami'a. Su kama hanya. Ita tana rera waƙoƙin sujada, ba ta da murya ko kaɗan amma ba ta damu ba, keken kuma yana amsa mata da ƙi-ƙi-ƙi. In sun gamu da dattijo, sai ya sauka ya tura keken da uwar a kai, ya gaisa yadda ya kamata, sa'an nan ya hau. Mutanen gidajen bakin hanya ba sa duban rana. Da sun ji kukan keken sai mata su ce wa yara, “Ku yi maza ku wanke ƙafa, ga Auta da Innarsa sun wuce.”

In sun isa, ya kai ta layin mata ya zaunar, ya zagaya ya jingine kekensa a bangon baya, kusa da randar ruwa. In an tashi ya mai da ita gida. Ya ci tuwonsa, ya yi barcinsa. Babu abin da ya dame shi. Ina gaya muku, mutum ya sami abin da zai ci, da abin hawan da zai kai shi ya dawo da shi, da uwa mai sa masa albarka a bayansa, ban san abin da ya rage masa ba.

Ana nan sai wata shekara albasa ta yi kuɗi. Waɗansu masu lambu na garin suka tafi birni, suka dawo da wani sabon samfurin keke. Sirara ne, marasa nauyi, taya kamar yatsa, fenti ja da fari sai ɗaukar ido. Babu kariya a jikin ko ɗaya. Ledar da aka naɗo su da ita daga kanti kuwa suka ƙi cirewa, don kowa ya san sababbi ne. Wata ya bi wata, leda ta yi dauɗa ta fara zarewa, sai su sake ɗaure ta da zare.

Suka haɗa kansu suka zama ƙungiya. Akwai wani babban maɗaci a gaban majami'a, inda dā kowa ke ajiye abin hawansa. Inuwar ta zama tasu. Har jeri gare su: wanda kekensa ya fi tsada shi ke jingina a jikin itacen, na biye da shi ya tsaya kusa, haka har bakin inuwa. Babbansu ana ce masa Mai Madubi, don madubai ya jera a kan kekensa, dama da hagu, sama da ƙasa. Ku ji ni da kyau, ba mugun mutum ba ne. Yana ba da baiko, ba ya zagin matarsa, yana da murya a waƙa. Keke ne kawai ya shiga kansa ya zauna.

Irin mutanen nan, in sun iso wurin taɓo, sai su sauka su ɗora keken a kafaɗa, su taka taɓon da takalmansu na sujada. Da idona na ga irinsu. Mutum ya sayi abin hawa, abin hawa ya hau shi.

Suka fara tsokanar manomin nan. In ya iso da uwarsa sai ka ji wani ya ce, “Sannu da aiki, Sarkin Dako! Wannan keke ne ko amalanke?”

Wani ya ce, “Ka kai shi asibiti mana, ba ka ji tari yake yi ba?”

Da farko dariya yake yi, ya ce, “Yana kai ni, yana dawo da ni.” Ya wuce abinsa. Amma magana kamar yoyon ɗaki ce, ɗigo ɗaya ba ya komai, sai ka wayi gari tabarma ta jiƙe. Sannu a hankali ya fara jin kukan kekensa, kukan da ya yi shekaru bai dame shi ba. In sun kusa majami'a sai ya ce, “Inna, ki ɗan rage murya.” Masu sababbin kekunan nan kuwa tsaransa ne. Tare suka yi kiwo, tare suka yi iyo a rafi. Yana ganinsu a inuwa suna hira suna ƙyalƙyala dariya, shi yana zagayawa bayan gini shi kaɗai.

Wata Lahadi, bayan ya zaunar da uwarsa, ya zo ya tsaya a bakin inuwar yana murza hula a hannu. Mai Madubi ya dube shi ya ce, “Malam, mu fa ba mu ƙi ka ba. Amma dubi kekunan nan. Ka ga mai kariya a ciki? Keke na hawa ne, ba jaki ba ne. Ka cire wannan gadon ƙarfen, ka rufe tsatsar nan da leda, sai mu duba maka wuri.”

Kashegari mutumin ya ari sifana, ya zauna a tsakar gida, ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, ya watsar da su a ƙasa. Ya ɗauki kariya ya jefa bayan rumbu. Ya samo leda ya naɗe jikin keken. Uwarsa tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, tana kallo.

Ta ce, “Auta, me ya sami keken?”

Ya ce, “Ba komai, Inna. Nauyi nake rage masa.”

Ta ce, “To.”

'Ya'yana, ku ji tsoron “to” ɗin tsohuwa. In ta yi faɗa, da sauƙi.

Lahadi ta zo. 'Yan ƙungiya sukan haɗu da sassafe su zagaya gari a jere kafin sujada, don haka ya shirya da wuri. Ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa, bai shiga ba, ya ce, “Inna, yau ki huta, hanya ta ɓaci. In na dawo zan gaya miki abin da aka yi wa'azi a kai.”

Ta ce, “To. A sauka lafiya.”

Suka ba shi wuri kuwa. Can a ƙarshen jeri, inda inuwa ke gudu tun kafin a gama waƙar farko. Tsokana kuma ba ta ƙare ba, sabuwa ce ta samu. Wani ya sa yatsa a ramin da noti ya bari ya ce, “An cire wa jaki mangala, amma shatin yana nan.” Suka yi dariya, shi ma ya yi, irin dariyar da ba ta wuce haƙora.

Lahadi ta bi Lahadi. Matan zumunta, ƙungiyar matan majami'a, suka tare shi suna tambaya, “Ina Inna Rifkatu? Wurinta ya yi shiru.” Ya ce, “Gwiwa ce.” Gaskiya ce kuma ƙarya ce, irin wadda ta fi ƙaryar tsagwaro muni. Wa'azin da ya yi alkawari kuwa, kafin ya kai gida rabi ya zube a hanya, don hankalinsa yana waje, yana tunanin ko rana ta narkar masa da leda. A ranakun aiki ma bai huta ba. Mutane suka riƙa ganinsa yana dawowa daga gona, buhun masara a ka, yana tura keke da hannu ɗaya.

Ana cikin haka sai aka yi sanarwa cewa Baba Sila zai zo. Baba Sila tsohon fasto ne, shi ya fara kiwon ikilisiyar nan tun tana taruwa a rumfar kara. Ya daɗe da yin murabus, yana zaune nesa a wurin 'ya'yansa. Ya aiko cewa yana so ya ga mutanensa sau ɗaya tun ido yana gani. Kowa ya gane abin da yake nufi.

Labari ya kai gefen gonaki. Da yamma tsohuwa ta ce wa ɗanta, “An ce Malam Sila zai zo ran Lahadi.”

Ya ce, “Haka aka ce.”

Ta ce, “Shi ya nitsa ni a rafi. Ina da cikin yayanka a lokacin.”

Ya ce, “Na sani, Inna. Zan gaya masa kina gaisuwa.”

Ta ce, “To.”

Damina ce, mota ba ta shiga garin, a bakin titi take sauke mutane. Sai 'yan ƙungiya suka ce su za su tarbo baƙo. Suka kwana biyu suna goge-goge. Suka ɗaura ƙyallaye a kan kekuna, suka tsara wanda zai shiga gaba da wanda zai bi, suka koyi yadda za su kaɗa ƙararrawa tare. Ran Lahadi da sassafe suka jeru a bakin titi, manomin nan a ƙarshe.

Mota ta tsaya. Aka sauko da akwatin ƙarfe. Sa'an nan aka sauko da Baba Sila, mutum biyu suna riƙe da shi. Ya tsufa, ya yi jiki, ƙafarsa ɗaya ta kumbura ba ta shiga takalmi, yana dogara sanda. Ƙararrawa suka tashi gaba ɗaya. Tsoho ya yi murmushi ya ɗaga hannu ya ce, “Madalla da kekuna! Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. To, wanne zan hau?”

Mahaya suka dubi juna.

Duk shirin da suka yi, babu wanda ya yi wannan tunani. Sun tsara yadda za a gan su, ba su tsara yadda baƙo zai isa ba. A ransu har yanzu Baba Sila shi ne ƙaƙƙarfan mutumin nan da ke taka ƙauyuka da ƙafa suna yara. Wani ya ce a ɗora shi a sandar tsakiya. Mai Madubi ya matsa siririyar tayarsa da yatsa ya girgiza kai. Ko da ma ya yarda, tsohon ba zai iya ɗafewa a kan sanda kamar yaro ba. Na san akwai mai wayo a cikinku da zai ce, ina jaki? Jakuna suna can cikin gari, kuma girman kai bai bar su su aika a kawo ba, ko da yake Ubangijinmu da kansa bai ƙi jaki ba.

Sai Mai Madubi ya waiwaya ƙarshen jeri ya ce, “Malam, ina kariyarka?”

Manomi ya ce, “Na cire. Ai kai ka ce in cire.”

Ya ce, “Don na ce sai ka cire? In na ce ka cire kunnenka fa? Wane irin mutum ne zai jefar da kariya mai kyau haka? Maza ka je ka ɗaura ta ka dawo. Mu za mu fara takawa da Baba a hankali. In ka ɓata mana lokaci ka kunyata mu, to ka manta da gindin maɗaci.”

Ya hau ya taka feda iyakar ƙarfinsa. Abu ɗaya ne a ransa duk hanyar: notuna. Ya san inda kariya take, amma notunan a ƙasa ya watsar, an yi shara, an yi ruwa a kai. Yau Lahadi, maƙeri bai hura wuta ba. In babu notuna, kariya guntun ƙarfe ce kawai.

Ya iso gida da hantsi, lokacin da bai taɓa kasancewa a gida ba ranar Lahadi. Me zai gani? Uwarsa tana zaune a ƙofar gida a kan tabarma. Ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura zanen zumunta da kallabi, baikonta a hannu. Tsohon bargon nan yana ninke a cinyarta. A gefenta kuma ga kariya a jingine, tana ƙyalli. Ta ja jiki ta jawo ta daga bayan rumbu tun tuni, tana shafa mata man gyaɗa don kada tsatsa ta ci.

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce, “Inna, wa ya gaya miki zan dawo yau?”

Ta ce, “Ba wanda ya gaya mini. Kowace Lahadi nake shiryawa. Ban san wadda za ka dawo ba.”

Ya sunkuyar da kai ya gaya mata abin da ya faru a bakin titi, ya ce kariya ya zo ɗauka saboda baƙo. Sa'an nan ya durƙusa ya fara tona ƙasa da yatsu yana neman notuna.

Ta ce, “Tashi, kada ka ɓata wandonka.”

Ta jawo gefen zanenta, inda mata ke ƙulle abin da ba sa so ya ɓata. Ta kwance ƙullin da haƙori, don yatsunta sun yi tauri. Notuna huɗu suka zubo a tafin hannunta.

Ya karɓa ya ɗaura kariya. Bai mai da sifanar da ya ara ba, kun ga wani lokaci rashin kirki ma yana da ranarsa, amma kada ku koya. Ya ɗaure tam, ya shimfiɗa bargo.

Tsohuwa ta ce, “Maza, baƙo yana rana. In ka gan shi ka ce Rifkatu tana gaisuwa.”

To, a nan ne maganar take. Titi yana gabas, majami'a tana yamma. In ya koma titi yanzu, zai ɗauko babban baƙo a gaban kowa, ya shiga gari a gaban jeri, wurinsa a inuwa ya tabbata. Amma kafin ya sake zuwa gida an yi nisa da sujada, kuma ya san halin kansa, zai ce rana ta yi, a bari sai wata Lahadi. In kuwa ya fara kai uwarsa, mutanen can za su gasu a hanya, abin da Mai Madubi ya faɗa kuma ya faɗa.

Ya dubi zanen zumunta. Ya dubi gefen da ya tattare saboda daɗewar ƙulli.

Ya ce, “Baƙo yana da mutum fiye da goma masu yi masa fifita. Kama wuyana, Inna.”

Ya ɗago ta cak ya zaunar. Ta kama bayan rigarsa. Ba su yi nisa ba ta fara waƙa, sai ta tuna ta rage murya. Ya ce, “Ɗaga, Inna, ba na ji.” Keke ya ɗauki ƙi-ƙi-ƙi. Wata mata a gidan bakin hanya ta fito da ludayi a hannu ta ce, “A'a! Yara, ku zo ku gani, sun dawo!”

Ya kai ta layin mata ya zaunar, matan zumunta suka rufe ta da gaisuwa. Shi kuwa ya juya ya nufi gabas. Ya tarar da jerin bai yi wani nisa ba. Baba Sila yana zaune a kan akwatinsa a gindin ɗorawa, mahaya suna tsaye kowa riƙe da kekensa, gumi ya jiƙa riguna, ƙyallaye sun yi laushi.

Mai Madubi ya ce, “Sai yanzu? Ƙera ta ka tsaya yi? Ka san abin da na gaya maka.”

Manomi bai kula shi ba. Ya sauka, ya durƙusa gaban tsoho ya ce, “Baba, ka gafarce ni. Uwata na fara kaiwa majami'a. Ba ta da ƙafa, kuma ta daɗe tana jira.”

Tsoho ya taɓa bargon ya ce, “Ashe an ɗumama mini wurin zama. Ku ɗaga ni.”

Suka ɗaga shi. Kariya ba ta ce komai ba. Akwati kuwa a kai aka ɗauke shi, aka riƙa karɓa-karɓa, mai ɗauka yana ba wani riƙon kekensa. Haka suka shiga gari.

Da Baba Sila ya shiga majami'a, ya tsaya a layin mata ya ƙura ido, ya ce, “Rifkatu? Har yanzu kina ɓata wa mutane waƙa?”

Ta ce, “Har yanzu, Malam. Kai fa, har yanzu wa'azinka sai tuwo ya huce?”

Majami'a ta ɗauki dariya. Ya dafa kanta ya yi mata addu'a, ita ma ta yi masa tata, wadda ta fi tasa tsawo.

Kada ku ce daga nan aka naɗa manomi sarkin ƙungiya. Ba haka duniya take ba. Lahadi mai zuwa, da ya iso da uwarsa, wani ya ce, “Sarkin Dako ya koma aiki!” Ya ce, “Ya koma.” Ya zagaya ya jingine kekensa a bangon baya, kusa da randa. Ledar ma ya ɓare ta, ya tarar ruwan sama ya kwanta a ƙarƙashinta, tsatsa ta fi dā. Ya goge ya shafa mai. Akwai ɗaya daga cikinsu da ya biyo shi bayan gini a ɓoye yana tambaya ko maƙeri zai iya yi wa siririn keke kariya. Mai Madubi kuwa bai taɓa sawa ba, tsakaninsa da Allahnsa. Manomi ya ci gaba da cin tuwonsa yana barcinsa kamar dā.

Yanzu ku buɗe kunne, ga ma'anar wannan misali.

Keken nan shi ne abin da Allah ya ba kowane ɗayanmu: ƙarfin jiki, da sana'a, da ɗan abin hannu. Na wani sabo ne, na wani na hannu ne. Ba kai ka raba ba, ba kuma za a tambaye ka dalilin da ya sa naka ya fi ko ya gaza ba.

Kariya ita ce wurin da ka bari a rayuwarka domin wani ya hau. Ita ce lokacin da kake da shi na tsohonka, da haƙurin da kake yi da mara lafiya, da kwanon da kake miƙawa ta kan katanga. Ba ta da kyan gani. Tana ƙara nauyi, tana sa a yi maka dariya. Amma ranar da Mai Sama zai sauko a bakin titi ya ce, wanne zan hau, ita kaɗai zai duba.

Inuwar maɗaci ita ce yabon mutane. Kun ga yadda take: ka cire abin da ya fi amfani a jikinka don ka shiga, a ba ka bakin gefe, rana ta same ka a nan. Kuma bakin da ya ce ka cire, shi zai fara zaginka don ka cire. Leda kuwa ita ce ƙaryar da muke naɗawa don a ce mu ma wasu ne. Kayan aro ba ya rufe katara, a ƙarƙashinsa ma tsatsa ta fi ci.

Tsohuwar nan da ta tsince notuna ta ƙulle, ta nuna mana halin Ubanmu na Sama. Mu ne muke watsar da abin da ya ba mu, shi ne yake tsincewa. Ba ya bin mu da ihu a kan hanya. Yana shiryawa ya zauna a ƙofa, ko yau ne za mu dawo.

Kada kuma wani ya fita nan ya ce Kaka ta ce keke mai kyau zunubi ne. Ban faɗa ba. Wanda ya yi noma ya sayi abu mai kyau, Allah ya sa ya more shi. Ku kuma masu tsofaffin kekuna, na san ku. Kuna zama a bayan gini kuna cewa, “Mu ne masu tawali'u, waɗancan 'yan wuta ne.” Wannan ma inuwar maɗaci ce, kun dai dasa taku a baya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Raini raini ne, ko daga sama ya zo ko daga ƙasa.

Ba maganar keke kaɗai nake yi ba. Ku 'yan mata, na ga yadda kuke duban takalman juna kafin ku matsa wa mutum a benci. Ku samari, na ga masu babbar waya ba sa zama da masu ƙarama. Iyayenku mata ma ba su tsira ba, sai an shafa zane an ji ko na nawa ne kafin a yi gaisuwa. Duk wanda ya fara jin kunyar muryar uwarsa saboda abokai, ya sani ya riga ya ari sifana.

In ka cire taka, koma gida yau, ba sai wata Lahadi ba. Manomin nan ya yi sa'a ya tarar da tasa a zaune. Ba kowa ke tararwa ba.

Za mu tashi mu yi addu'a. In an ce amin, masu keke kada ku yi saurin fita. Akwai tsofaffi a bencin baya da gidajensu ke hayin rafi, kun san su, ba sai na nuna ba. Zan tsaya a bakin ƙofa. Ba na so in ga keke ya wuce ni bayansa babu kowa.